Wata biyu ina cin shinkafar bunni, sikeli bai motsa ba

Tambaya:

Assalamu alaikum Anti. Ni matar aure ce, a Makka muke zaune wajen Shara Mansur, 'ya'yana huɗu, na yaye autan. Nauyina kilo 94. Na yi gwajin suga na tarakumi, wanda ke nuna matsakaicin sugan jini na wata uku, ya nuna 6.1, likita ta ce ban kamu ba amma ina bakin ƙofa, in rage ƙiba. Gidanmu kullum shinkafa ce, in ba kabsa ba bukhari, in ba shi ba tuwon shinkafa saboda Hajiya, mahaifiyar maigida, tare muke da ita. Wata maƙwabciya ta ce in koma shinkafar bunni, mai ruwan ƙasan nan. Na saya da tsada, wata biyu ke nan ina ɗora tukunyata daban. Yara sun ƙi ko ɗanɗanawa, Hajiya ta ce ina ware kaina kamar mai jinya, maigida ya ce kuɗin cefane ya ƙaru, sikeli kuma bai motsa ba. Yanzu wasu na cewa in sayi Hasawi, wasu na cewa in bar shinkafa kwata-kwata. Don Allah wace shinkafa ce ba ta sa ƙiba?

'Yar'uwarki daga Makka.

Amsa:

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, ƙanwata. Sannu da ƙoƙari. Macen da za ta ɗora tukunya biyu kullum har wata biyu, a zafin kicin na Makka, da yara huɗu da uwar miji a gida, ba a ce mata ba ta da himma. Abin da ya dame ni da na karanta wasiƙarki shi ne an sa kin zuba himmar a inda ba za ta biya ki ba, ga kuɗi ya tafi, ga ɓacin rai ya shigo gida.

Bari in fara da abin da kika tambaya kai tsaye. Babu shinkafar da ba ta sa ƙiba in an ci ta fiye da buƙata, babu kuma wadda take sa ƙiba in an ci ta daidai. Giram 100 na dafaffiyar farar shinkafa, wadda aka dafa da ruwa zalla, yana ɗauke da kalori kusan 130. Giram 100 na bunni yana tsakanin 110 da 125, gwargwadon irinta da yawan ruwan da ta sha. Iyakar tazarar ke nan. A faranti guda, loma biyu ko uku na ƙari sun cinye ta. Kuma da zarar an ce wa mutum wannan abincin na lafiya ne, hannunsa yakan saki wajen zubawa, ya ci ya ƙara da kwanciyar hankali. Ki tambayi kanki tsakani da Allah: a wata biyun nan kin taɓa auna abin da kike zubawa? Da kike dafa ta mutan gida, ba kya ɗanɗana gishiri sau biyu sau uku? Ragowar da autan ya bari a kwano, wa yake cinyewa don kada a zubar? Ba tuhumarki nake ba, kusan duk uwa haka take yi. Amma a nan ne amsar sikelin take, ba a launin shinkafar ba.

Wannan ba ya nufin duk shinkafa ɗaya ce. Ga mai lamba 6.1 irinki, wato tsakanin 5.7 da 6.4 inda likitoci ke cewa suga ya kusanto, akwai abin dubawa bayan kalori, shi ne saurin da shinkafar ke zama suga a cikin jini. A 1981 wani mai bincike a Jami'ar Toronto ta Kanada, David Jenkins, shi da abokan aikinsa suka fito da ma'aunin wannan saurin. Suka ba zallan sugan gulukos lamba 100, abin da yake 55 ko ƙasa da haka a hankali yake shiga jini, abin da ya kai 70 ko ya wuce kuwa da gudu yake shiga. Amfanin sanin wannan a gare ki biyu ne. Abincin da ke shiga da gudu yana wahalar da jikin da suga ya riga ya fara yi wa barazana, sannan mutane da yawa yunwa takan dawo musu da wuri bayansa, kafin la'asar sun fara neman abin taɓawa.

Ba sai kin haddace lambobi ba, tukunyarki za ta gaya miki. Shinkafar da ke warwarewa bayan ta nuna, kowace ƙwaya ta tsaya da kanta, yawanci ita ce mai shiga a hankali, domin ta fi sauran yawan wani irin sitaci da ba ya saurin narkewa. Wadda ke yin danƙo ta manne da juna kuwa ita ce mai gudu. A rukunin masu gudu akwai gajerar shinkafar Masar da ake salig da ita, wato faten shinkafa da madara, da mai ƙamshin nan ta Tailan, da shinkafar tuwo. Yawan dahuwa ma yana ƙara gudun. Shinkafar da aka dafa har ta yi lugub aka tuƙe ta da muciya an riga an yi wa ciki rabin aikinsa.

Basmati tana can ɗaya ɓangaren, a mafi yawan gwaje-gwaje lambarta tsakanin 50 da 60 take faɗawa. To a nan ne nake so ki saurare ni da kyau, ƙanwata, domin ina kyautata zaton shinkafar da kike nema tana cikin buhun da ke kicin ɗinki. Mafi yawan shinkafar Saudiyya daga Indiya ake shigo da ita, kuma wadda gidaje suka fi yin kabsa da bukhari da ita ita ce mazza. Ki ɗebo ta a tafin hannu ki duba a haske. Za ki ga ba fara fat ba ce, tana da ɗan ruwan ɗorawa, ƙwayar tana da tauri da sheƙi, in kin gatsa ba ta saurin zama gari. Gumi ce, irin wadda iyayenmu ke yi a Kura da Argungu da Haɗeja. Ana jiƙa shinkafar da ɓuntunta, a turara ta, a shanya ta bushe, sannan a cashe. Turarawar nan tana tura wasu sinadaran da ke jikin dusa zuwa cikin ƙwayar kafin a cire dusar, musamman dangin bitamin B, tana kuma sa sitacin ya ƙara ƙarfi. Shi ya sa mazza ke jure wuta ba ta caɓewa, shi ya sa kuma take cikin mafi sassauci ga mai tsoron suga a duk shinkafar da aka cashe. In abin da gidanku ke ci ke nan, ba ki da dalilin ware tukunya.

Bunni fa? Ba zan rage mata daraja ba. Ɓuntun waje kawai aka cire mata aka bar dusar, don haka zaren da ke riƙe ciki ya ninka na farar shinkafa sau uku zuwa huɗu, ga ƙarin sinadarin maganiziyam. A 2010 masu bincike a Jami'ar Harvard ta Amurka sun ƙiyasta cewa maye gurbin giram 50 na farar shinkafa da bunni a kullum yana tafiya da raguwar haɗarin ciwon suga da kashi 16 cikin ɗari. Amfani ne na gaske, amma na shekaru ne, ba abin da sikeli zai nuna a wata biyu ba. Sannan bunni iri-iri ce. Gajerar bunni tana iya fin farar basmati saurin ɗaga suga, don haka mai son ta ya nemi wadda aka rubuta basmati a jikin ledar. Tana da nata wahalhalun kuma. Akwai mai a jikin dusar, a zafi irin namu ba ta jimawa take canza wari, don haka ba a sayen buhu, kilo ɗaya ko biyu ake saya a ajiye a firij. Dusar kuma ita ce ta fi riƙe asanik, wani sinadari mai guba da shinkafa ke zuƙa daga ƙasa da ruwa. Ba abin firgita ba ne ga mai ci jefi-jefi, a wanke ta sosai, a dafa da ruwa mai yawa a tsane, amma dalili ne na kada mutum ya mayar da ita abincin safe da rana da dare.

Hasawi kuwa shinkafa ce mai daraja, ja ce, a gonakin Ahsa'u can gabashin ƙasar nan ake noma ta a tsananin zafi da ruwa mai yawa, mutanen yankin sun daɗe suna dafa wa masu jego ita. Da dusarta ake ci, tana riƙe ciki, tana kuma son doguwar dahuwa. Sai dai noman nata kaɗan ne, kuɗinta ya ninka na basmati, kalorinta kuma bai bambanta da na sauran ba. Gidan da maigida ya riga ya fara maganar cefane ba ya buƙatar ta don rage ƙiba. In Allah ya hore, a saya don marmari. Haka 'yar Hausa, in kin same ta wajen masu sayar da kayan gida: gumi ce wadda ba a goge ta tas ba, za ki ga jan zane a jikin ƙwayar, ragowar dusa ke nan. Tana da kyau, kuma ita Hajiya ba za ta ce mata abincin masu jinya ba. A tsince tsakuwa kawai.

Yanzu bari mu zo inda nake zargin nauyin yake ɓoye. Ranar da za ki ɗora kabsa, ki tsaya ki kalli hannunki. Galan ake karkatawa a kan tukunya, mai ya malala har ya rufe gindinta, a zuba albasa ta yi ta yawo a ciki. A saka kaza da fatarta, kitsen ya narke ya haɗu da man. A zuba tumatir da ruwa, a kawo shinkafa. Ita kuwa shinkafa ba ta barin komai, duk abin da ke cikin romon nan sai ta shanye shi. In an gama ci aka ɗaga tire, dubi yatsunki, dubi ƙasan tiren yadda yake ƙyalli. Babban cokali ɗaya na mai, kowane iri ne, na masara ko na zaitun, kalori 120 ne, samin da man shanu ma ba su yi nisa da haka ba. Wato cokali ɗaya na mai ya kusa daidai da giram 100 na shinkafa. In cokali takwas ya shiga tukunya, kalori 960 ke nan kafin a lissafa kitsen kaza. In da wannan hannun kika dafa bunninki, to da wannan man kika ci ta.

Gyaran nan ba ya buƙatar shawara da kowa, ke ce mai kicin. Gobe ki zuba man yadda kika saba, amma da cokali, ki ƙirga. Daga nan ki riƙa janye cokali ɗaya duk mako har ki dawo uku ko huɗu a tukunyar gida gaba ɗaya. In aka rage a hankali harshe ba ya ganewa. Ki cire fatar kaza kafin ta shiga tukunya. In nama ne, ki tafasa shi daban, ki bar romon ya ɗan huce, man zai taso sama, ki kwashe da ludayi sannan ki zuba shinkafa. Daɗin kabsa a busasshen lemo yake, da hel da kanumfari da kirfa da masoro, da albasar da aka yi haƙuri ta soyu a ƙaramar wuta. Ki ƙara waɗannan, ki yi daƙƙus, miyar tumatir mai yaji, a gefe, ba wanda zai tambayi ina mai ya tafi. Kuma maigida zai ga galan ya daɗe bai ƙare ba.

Sai yawan abin da ke shiga cikinki, kuma na san wahalar tana wajen tire. Cin abinci tare albarka ne, ba zan ce ki tashi daga cikin iyalinki ba. Amma a tire mutum ba ya sanin nawa ya ci, hannu yana zuwa yana dawowa har sai an ga ƙasa. Ki samu kofi mai cin mil 240, ki cika shi da dafaffiyar shinkafa ba tare da dannawa ba. Kusan giram 160 ke nan, kalori 200 da 'yan kai in babu mai. Ki juye a faranti ki kalle shi da kyau, sau ɗaya kuma ki auna abin da kika saba ci da kofin nan. Mata da yawa sukan tarar kofi uku ko huɗu suke tashi da shi a zama guda. Kada ki faɗo daga huɗu zuwa ɗaya rana ɗaya, yunwa za ta kore ki ki dawo da ramuwa. Ki sauko biyu na mako biyu, sannan ɗaya da rabi, sannan ɗaya a abincin rana. In a tire ake ci, ki juye kofinki a gefenki, ki ja ɗan layi da yatsa tsakaninsa da sauran. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce wa Umar ɗan Abu Salama yana yaro ya ambaci sunan Allah, ya ci da dama, ya ci daga abin da ke gabansa. Babu wanda zai ga baƙon abu a macen da ta tsaya a gabanta.

Kofi ɗaya shi kaɗai ba zai ƙosar da ke ba, kuma ba na so ki tashi da yunwa. Gurbin da shinkafa ta bari dole a cike shi. Rabin abin da ke gabanki ya zama ganye da kayan lambu: salatar kokwamba da tumatir da jarjir da lemon tsami, ko kwaɗon zogale ko na rama ba tare da an cika ƙuli da mai ba, ko kabeji da karas da aka sulala. Sai nama ko kaza ko kifi kamar faɗin tafin hannunki, da kofin laban, wato nono, marar suga. Ki fara da ganyen da naman, shinkafa ta zo daga baya. An gwada wannan jerin a kan masu suga an ga sugan bai tashi kamar in da shinkafar aka fara ba, kuma kafin ki kai gare ta cikin ya riga ya ɗan lafa.

Wake kuwa babban abokinki ne. Shinkafa da wake, in aka yi rabi da rabi ko waken ya fi yawa, ta fi bunni zalla riƙe ciki da sassauta suga, kuma abinci ne da yara suka sani. Matsalar garau-garau ɗaya ce, man da ake kwararawa a kai, a nan ma cokali ɗaya ya ishe ki, yaji da salak su yi sauran aikin. Adas, ƙanƙanen waken nan mai faɗi, ma haka, ana dafa shi da shinkafa. Dambun shinkafa in zogalen ya rinjayi tsakin abinci ne mai kyau. Ga jarish na alkama, wanda a 2023 aka ayyana shi abincin ƙasa na Saudiyya, in ba a cika masa samin ba yana iya karɓar rana ɗaya a mako.

Maganar Hajiya ita ce ta fi taɓa ni. Ki duba ta wajenta: tsohuwa tana zaune a gidan ɗanta, ta ga surukarta ta ware tukunya, ba a yi mata bayani ba. Ba mamaki ta ɗauka ƙyamar abincin gidan ake, ko ana nuna mata tuwon da ake yi dominta ne matsala. Ki same ta ita kaɗai bayan sallar la'asar, ki gaishe ta, ki ce, “Hajiya, likita ta ce suga na neman kama ni, ina tsoron kada in kwanta in bar miki yaran nan. Ki taimake ni da addu'a da shawara.” Ki tambaye ta abin da suke ci a gida kafin shinkafa ta zama ta kullum. Za ta ba ki labarin tuwon dawa da miyar kuka, da ɗanwake, da fate, da burabusko. Ki ce ta koya miki yadda take so a yi. Dawa da gero ba su fi shinkafa ƙarancin kalori ba, kada a ruɗe ki, amma in ba a surfe su tas ba dusarsu tana nan, suna kuma daɗewa a ciki. Ranar da aka yi tuwon dawa da umarnin Hajiya, kin rage shinkafa a gidan ba tare da kowa ya ji an hana shi komai ba.

Tuwon shinkafarta kuma kada ki taɓa shi. Haƙƙinta ne, ki tuƙa mata yadda take so. Ke dai ki sani malmala a dunƙule take, shinkafar da ke cikin babbar malmala ɗaya tana iya fin kofi biyu. Ki yi wa kanki ƙarama kamar dunƙulen hannunki, ki yawaita miya, kuka ko kuɓewa ko taushe, ki kwashe man da ya taso a kan taki. Waina da sinasir da salig su zama na ranar Juma'a ko ranar baƙi.

Za ki ji ana cewa shinkafar da ta kwana a firij ba ta sa ƙiba. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, an dai kambama shi. In dafaffiyar shinkafa ta yi sanyi, wani ɓangare na sitacinta yakan ƙanƙame ya ƙi narkewa a hanji ko an sake ɗumama ta. A wani gwaji da aka wallafa a 2015 daga Indonesiya, shinkafar da ta yi awa 24 a firij aka ɗumama ta ba ta ɗaga suga kamar sabuwar dahuwa ba. Amma ragin kaɗan ne, ba lasisin ƙara kofi ba ne. Abin da ya fi muhimmanci a garinmu shi ne kada a bar shinkafa a kan murhu daga azahar zuwa isha. Akwai ƙwayar cutar da dahuwa ba ta kashe ƙwanta, a ɗumi take hayayyafa ta saki dafin da ɗumame ba ya karya shi, ta sa amai da gudawa. Ragowa ta shiga firij cikin awa ɗaya a faffaɗan mazubi, a ci washegari, a ɗumama sau ɗaya har ta yi tururi.

Ba ki ambaci abin sha ba, amma na san da wuya a sauke bukhari babu lemon kwalba a gefe. Gwangwani ɗaya mai mil 330 yana ɗauke da suga kusan giram 35, ƙaramin cokali tara ke nan, kalori kusan 140. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada sugan da babba ke sha a yini ya wuce kimanin giram 50, in ya tsaya a 25 ya fi. Ki haɗa da shayin safe da na bayan magariba, kowane kofi da cokali nawa. Mai lamba 6.1 da za ta bar lemo ta rage sugan shayi ta fi wadda ta canza buhun shinkafa cin riba nesa ba kusa ba. Sai cin dare. Mutanen Makka ba ma kwanciya da wuri, abincin biki kuwa sai tsakar dare ake fito da shi. Ki mayar da shinkafarki ta rana, da dare ki nemi abu marar nauyi, ful, wato dafaffen wake, ba mai da yawa, ko ƙwai da salata, ko farfesu. Ranar biki ki ci wani abu kafin ki fita, a can ki ɗauki nama da loma kaɗan don kada a ce kin ƙi abincin mutane. In maigida ya sayo mandi daga waje, ki duba allon gidan abincin ko takardarsu, tun 2019 Hukumar Abinci da Magunguna ta Saudiyya ta wajabta musu rubuta kalori. Lambar da za ki gani a gaban rabin kaza da shinkafa za ta sa ki raba shi biyu da kanki.

Masu cewa ki bar shinkafa kwata-kwata, ban goyi bayansu ba. A gidan da ake dafa ta kullum, kuma ke ce mai dafawa, haramta wa kai ita ba ya ɗorewa. Yawanci tamis da burodin samuli ne ke maye gurbin, su kuma farar fulawa ce, ba su fi mazza sassauci ba. Haka shayin rage ƙiba da ƙwayoyin da ake tallatawa a waya, ki nisance su. Wasu zawo kawai suke sawa ruwan jiki ya fita, wasu kuma an sha kama su da sinadarin sibutiramin a ɓoye, wanda aka janye daga kasuwannin Turai da Amurka a 2010 saboda haɗarinsa ga zuciya.

Kada ki sa wa ranki sai kin koma jikin 'yanmatanci. A babban binciken da aka wallafa a Amurka a 2002, a kan mutum sama da 3,000 masu suga a bakin ƙofa irinki, waɗanda aka ɗora a kan rage kashi 7 cikin ɗari na nauyinsu da motsa jiki na minti 150 a mako, haɗarin kamuwarsu ya ragu da kashi 58 cikin ɗari. Kashi 7 na kilo 94 kilo shida da rabi ne. In kina sauke rabin kilo a mako, wata uku zuwa huɗu ya isa. Minti 150 kuwa rabin awa ne sau biyar a mako, bayan asuba ko bayan isha in gari ya yi sanyi, ke da maƙwabciyar nan taki ko da babbar 'yarki. Ko tafiyar minti goma a cikin gida bayan abincin rana tana taimaka wa suga ya sauka. Ki hau sikeli sau ɗaya a mako, da safe, rana ɗaya, ki kuma auna ƙugunki da tef, wani lokaci zani yakan fara sassautawa kafin sikeli ya nuna.

Ragowar bunnin da kika saya kada ta lalace. Ki jiƙa ta awa ɗaya ko biyu, ki fara ɗora ta ita kaɗai na kamar minti 20 tunda ta fi mazza daɗewa kafin ta nuna, sannan ki haɗa kashi ɗaya nata da kashi uku na mazza a tukunyar kowa. A cikin jan romon kabsa yara ba za su tsince ta ba. In ta ƙare kuma ba ki ga dalilin sake saya ba, ki bar ta.

Gwajin tarakumi yana nuna matsakaicin sugan kusan wata uku ne, don haka ba amfanin maimaita shi kafin lokacin. In wata ukun ya cika ki koma wajen likitarki da 'yar takardar da kika riƙa rubuta nauyinki na kowane mako. In kin kiyaye kofin da cokalin da lemon amma nauyi ya ƙi sauka, ki gaya mata ta duba miki gudda ta maƙogwaro, wato ƙullin wuya da ake kira tayirod, ki kuma faɗa mata duk maganin da kike sha, har da na tazarar haihuwa in akwai, don wasu suna riƙe nauyi. In kuma kika fara jin ƙishirwa mai yawa, ko yawan fitsarin dare, ko gani ya fara dishi-dishi, kada ki jira wata ukun, ki je a ranar.

Allah ya ƙara lafiya, ya raya zuri'a. Ki gaishe min da Hajiya, ki kuma rubuto min abin da gwajin ya nuna.